Kaza da Kumbo: Tarihin Duban Sama a Ƙasar Adar

Ranar Asabar, 16 ga watan Yuni na shekarar 2012, wadda ta faɗo cikin kwanakin ƙarshe na watan Rajab na 1433, sa'ad da rana ta kusa tsaka a birnin Tawa, mutane kuwa ba su da zance a bakinsu sai na jinkirin ruwa da tsadar tiyar hatsi, a can wani jeji mai nisa na arewa maso yammacin ƙasar Sin, wurin da ake kira Jiuquan, aka kunna wuta ƙarƙashin wata roka mai tsawon gaske, ta ɗaga da mutum uku zuwa sararin samaniya. Biyu maza ne, Jing Haipeng da Liu Wang. Ta ukunsu mace ce mai shekara 33, sunanta Liu Yang, ita ce kuma mace ta farko daga wannan babbar daula da ta fita daga iskar duniya. Ni dai a akwatin rediyo na ji labarin da maraice, ina zaune a ƙofar gida, ina duban gabas ko hadari zai taso, domin daminar 2011 ba ta yi kyau ba, rumbuna sun daɗe da yin fayau, ga kuma baƙi 'yan gudun hijira daga Mali sun sauka a wajen Tiliya. Tun daga wannan maraice nake juya al'amarin a zuciyata, har na ga ya kamata in rubuta abin da ya haɗa mu da shi, gama mu ma mutanen duban sama ne tun kaka da kakanni, ko da yake dubanmu da nasu ba dalili ɗaya ya haife su ba.

Wanda bai zauna a Adar ba zai yi wuya ya gane matsayin sama a wurinmu. Ƙasa ce ta duwatsu da faƙo da kwaruruka, daminarta gajeriya, wadda in an yi kuskuren kwana goma wajen shuka sai a yi asarar shekara guda. Saboda haka manomin Adar bai taɓa ɗaukar taurari abin ado ba, lissafi ne yake karantawa a cikinsu. Na tuna ina yaro, muna kwance a tsakar gida saboda zafin bazara, kakata ta tashe ni tun ladan bai yi kiran farko ba, ta kama kaina da tafin hannunta mai kaushi ta juya shi gabas, ta ce, "Maigida, buɗe ido, ga Kaza ta dawo da 'ya'yanta." Na duba na ga wasu 'yan taurari a cure wuri ɗaya, dishi-dishi, kaɗan bisa katangar maƙwabta. Ta ce makonni ke nan sun ɓuya, tun da kuwa sun fito da asuba, to, a fid da iri a gyara kalme. Wannan tsohuwa ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma abin da ta faɗa shi ne ainihin abin da masana falaki suka tabbatar, cewa wannan gungu da Larabawa ke kira Surayya yakan ɓace cikin hasken rana a ƙarshen bazara, sa'an nan ya sake bayyana gabanin fitowar rana a cikin watan Yuni.

Malamai kuma suna da nasu tsarin, wanda ya fi wannan zurfi, ya zo mana ta hanyar littattafan hisabi tare da ayarin da ke ratsa Sahara. Sun kasa hanyar wata gida 28, su ne manazil, suka ba kowane gida kwana 13, in ban da Jabha da aka ƙara wa kwana ɗaya, jimla ta tashi 365, watau shekarar rana ke nan cif. Hikimar abin ita ce, da yake watannin Musulunci suna zagayawa, azumi ya faɗo yau cikin ɗari gobe cikin bazara, dole manomi ya sami wani ma'auni da ba ya motsi, manazil kuwa suka zama masa wannan ma'auni. Shi ya sa za ka ji dattijo ya tsaya a zauren malam bayan sallar la'asar ya ce, "Allah gafarta Malam, wane tauraro muke ciki?" Malam kuma ya jawo wata tsohuwar takarda daga gafaka, ya bi layi da yatsa, ya ce Han'a ce, ko Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, ya faɗi kwanakin da suka rage mata, sa'an nan ya rufe da cewa Allah ne Masani. Wannan rufewa ba al'adar baki kaɗai ba ce. Malamanmu sun yi tsayin daka wajen raba ilmin lissafin lokaci, wanda halal ne, da da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari, wadda suka ƙi. Daga arewa kuma, wajen Abalak da Cintabaradan da sauran Azawak, Abzinawa suna da nasu sunaye: Amanar, watau jagora, da Talamt, taguwar da ke kewaya tauraron arewa. Da su madugu ke kama hanya cikin dare inda babu itace babu dutse, kuskurensa kuwa ba asarar shuka ba ne, asarar rayuka ne.

Haka sama take a wurinmu, ba mai ita sai Mahaliccinta, har ranar 4 ga Oktoba 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba wani ƙarfe mai kamar ƙwarya biyu a kife, mai suna Sputnik, ya shiga kewaya duniya. Ba ya komai sai ɗan ƙara da ake kamawa a rediyo, amma ya girgiza Amurka ƙwarai, domin kowane mai hankali ya fahimci cewa rokar da ta iya kai ƙarfe sama za ta iya kai makami kowane birni. Asalin gasar ke nan, kuma ya kamata a faɗe shi a fili: tsoro ne ya haife ta, alfahari ya raine ta, neman ilmi kuwa ya biyo baya yana cin albarkacinsu. Ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya, a lokacin Nijar ba ta cika shekara guda da samun mulkin kai ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙasar Hausa ta shiga wannan gasa tun farkonta, ba da son ranta ko ƙinsa ba, sai don wurin da Allah ya ajiye ta. Kumbon farko na Amurkawa ba ya iya magana da ƙasa sai in yana bisa wata tasha, saboda haka suka jera tashoshi a kewayen duniya kamar zangon fatake, biyu daga ciki a Afirka, ɗaya a Zanzibar ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, bai daɗe da tashi ba ya iso bisa Afirka ta Yamma, ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hangen ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka amsa masa cewa iska ta yi kwanaki tana bugawa. Ƙurar hunturu ce ya gani, wadda ke shiga mana ido da tuwo, ke fasa leɓe da dugadugai. Ina jin wani abu a raina duk sa'ad da na tuna cewa shaidar farko da aka yi wa ƙasarmu daga can sama ita ce ƙurarta. Faransa ma da ta so ta nuna ita ba 'yar rakiya ba ce, daga cikin Sahara ta harba tauraronta na farko, a Hammaguir ta ƙasar Aljeriya, cikin Nuwamba 1965. A zamanin nan ne masu kwana a waje suka fara lura da wasu taurari da ba sa cikin lissafin kowane malami, masu tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ƙyaftawa ba, har aka sa musu sunan da ya dace da su ƙwarai, tauraron ɗan Adam. Da labari ya zo a Yuli 1969 cewa mutum ya taka wata, dattawa da yawa ba su gaskata ba, ban kuwa ga laifinsu ba, domin watan da suke tsayar da azumi da salla da ganinsa ya fi ƙarfin a ba su labarinsa haka kawai daga bakin baƙo.

To, ina mata a cikin wannan taƙaddama? Tarihinsu a nan yana da daɗi, yana kuma da ɗaci. A Amurka, tun 1961 wasu mata 13 matuƙan jirgin sama suka ci irin gwajin lafiyar da aka yi wa maza, amma aka rufe musu ƙofa. Mahukuntan Mosko kuwa, da suka ga akwai wata tuta da ba a riga an kafa ba, sai suka zaɓo Valentina Tereshkova, ma'aikaciyar masaƙa mai sha'awar dira da laima, suka harba ta ranar 16 ga Yuni 1963, ta kewaya duniya sau 48 cikin kusan kwana uku, ita kaɗai a cikin kumbo. Jaruntakarta ba abin musu ba ce. Sai dai abin da ya biyo baya shi ya tona niyyar waɗanda suka aike ta, gama shekara 19 suka yi ba su sake tura mace ba, sai da suka ji Amurka na shirin tura tata, sa'an nan suka yi hanzari suka aika Svetlana Savitskaya a Agusta 1982, watanni goma kafin Sally Ride ta tashi a Yuni 1983. Daula takan tuna da mace ranar da take bukatar abin nunawa, in biki ya watse kuma ta mance da ita. Wannan hali ba a Mosko kaɗai yake ba, mun san shi a kusa.

Ita ƙasar Sin ta shigo fagen ne daga baya, ta wata hanya mai ban al'ajabi. Wani masani ɗan ƙasar, Qian Xuesen, yana cikin manyan masu ilmin roka a Amurka, sai aka zarge shi da ra'ayin kwaminisanci, aka tsare shi shekaru ana sa masa ido, daga bisani a 1955 aka bar shi ya koma gida, shi ne kuwa ya aza harsashin aikin rokar Sin. Ranar 24 ga Afrilu 1970 suka harba tauraronsu na farko. Sai a Oktoba 2003 suka kai mutum, Yang Liwei, suka zama daula ta uku da ta yi haka da kayanta, shekara 42 bayan Gagarin. Babbar tashar sararin samaniya da Amurka da Rasha da Turai da Japan da Kanada suka haɗa hannu suka gina ba ta da gurbin Sin, a 2011 ma majalisar dokokin Amurka ta kafa doka ta hana hukumar NASA yin aiki kai tsaye da Sin sai da izini. Wanda aka hana shiga zaure, in yana da zuciya, nasa yake ginawa. A Satumba na wannan shekara suka harba wani ɗan ɗaki mai suna Tiangong, ma'anarsa fadar sama, shi ne kuma masaukin da aka nufa da Liu Yang da abokan tafiyarta.

Ranar tashinta ta zo daidai da cikar shekara 49 da tashin Tereshkova, rana ɗaya wata ɗaya, ba kuwa wanda ya kasa karanta saƙon da ke ciki. Amma zalunci ne a tsaya nan a ce ita tuta ce kawai, domin wannan baiwar Allah ma'aikaciya ce da ta san aikinta. An haife ta a birnin Zhengzhou na lardin Henan a 1978, ta shiga rundunar sojan sama a 1997, ta zama matuƙiyar jirgin dakon kaya, ta tara awa 1,680 a sama kafin a zaɓe ta a 2010. An ruwaito cewa wata rana jirginta ya yi karo da garken tattabaru jim kaɗan bayan tashi, inji ɗaya ya samu matsala, ta kuwa natsu ta sauke shi lafiya. Irin wannan natsuwa ake nema, domin abin da ke gabansu ba wasa ba ne. Kumbonsu, Shenzhou na 9, yana tafiya ne a nisan da bai kai tsakanin Tawa da Agadas ba in an miƙe hanyar tsaye, amma da gudun da zai cinye wannan hanya, wadda mota ke wuni a kanta, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Kowane awa ɗaya da rabi sun kewaye duniya, rana ta fito musu ta faɗi kusan sau 16 a kwana guda. A cikin wannan gudu ne za a haɗa bakin kumbo da bakin ɗaki, kamar mai zura zare a allura bisa doki yana sukuwa. Ranar 18 ga wata na'ura ta yi haɗin da kanta. Ranar 24 suka ja baya suka rabu, Liu Wang ya kama linzami da hannunsa ya sake haɗawa, wannan kuwa shi ne maƙasudin tafiyar, gama wanda bai iya shi ba ba zai gina tasha ba. Ita Liu Yang an ɗora mata gwaje-gwajen lafiyar jiki, na yadda jini da tsoka da ƙashi ke sauyawa inda babu nauyi, inda ruwa ba ya zuba sai ya dunƙule yana yawo. Shekara goma bayan haka, a Yuni 2022, ta koma, ta yi wata shida a sabuwar tashar da ƙasarta ta gina, har ta fita waje ta yi aiki a jikinta. A nan Sin ta yi abin da Mosko ba ta yi wa Tereshkova ba, ya kamata kuwa a shaida mata.

Saura tambayar da ta fi damuna, watau me ya sauko mana daga duk wannan. Ranar 30 ga Yuni 1973 rana ta yi husufi cikakke bisa arewacin Nijar, masana daga Turai da Amurka suka shiga jirgin Concorde suka bi inuwar wata har minti 74, suka sauka a babban birnin Cadi. A ƙarƙashinsu, a wannan shekara, dabbobin Azawak suna faɗuwa garke-garke, makiyaya suna gangarowa Tawa hannu wofi. Ilmi yana wucewa bisa kanmu, yunwa tana ƙasa, babu igiyar da ta haɗa su. Wannan fari ne ya sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar Agrhymet a Yamai a 1974, wadda daga baya ta riƙa karɓar hotunan gajimare da na tsiro daga taurarin ɗan Adam, tana kintatar yadda damina za ta kasance, tana nuna inda ciyawa ta fito da inda ta ƙi. Ga igiyar nan an fara tufkawa. Duk sanarwar yanayi da manomin Kalfu ko na Bambai ke ji a rediyo yau, da wayar da ɗan cin rani ke aiko hoton jikoki da ita, akwai rabon wannan gasa a cikinsu, ko da yake waɗanda suka fara ta ba mu suka nufa ba.

Akwai kuma abin da sama ta gani a wurinmu bayan ƙura. Daga 1984 aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a Kaita, da taimakon Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da yake kuwa maza sun tafi cin rani, mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Na gan su da idona a kan faƙo, goyo a baya, dutse a ka, suna jera shi layi-layi don tare ruwa, suna haƙa ramuka a ƙasar da diga ke tsalle in ta sare ta, ladansu kuwa abinci ne. Miliyoyin itatuwa aka dasa. Da masana suka zo auna sakamakon, hotunan taurarin ɗan Adam suka ɗauko, na da da na yanzu, suka jera, suka ga inda yake fari fat ya yi duhun ganye. Aikin hannun matan Adar ya kai girman da ake ganinsa daga inda Liu Yang ta bi, amma ba a san sunan ko ɗaya daga cikinsu a wajen ƙauyenta ba. Ba ina rage darajar waccan ba ne; ina cewa himmar iri ɗaya ce, bambancin kawai ita an sa ta makaranta, an bar ta ta gama, an kuma ba ta inji. Yarinyar da za ta iya lissafin Kaza da kwanakin Zira'a za ta iya aljabara, kalmar ma daga littattafan Musulmi ta fito, amma sau nawa muke cire ta daga lakwal tun ba ta kai ga sanin haka ba?

Gasar kuwa ba ta ƙare ba, fage kawai ta sauya, yanzu har da mu ake zawarci. Sin ce ta ƙera wa Nijeriya tauraron sadarwa ta harba shi a Mayu 2007, ya lalace a Nuwamba 2008 saboda matsalar fukafukansa masu tara hasken rana, ta kuma maye mata shi da wani a Disamba 2011, 'yan makonni bayan buɗe matatar mai ta Damagaram, wadda ita ma da Sin aka gina. A ƙarshen 2024 Nijar ta sa hannu da wani kamfanin Rasha kan sayen taurari uku. Ban ƙi sayen ba, ƙasa mai faɗin tamu tana bukatar ido a sama. Abin da nake tsoro shi ne a maimaita tashar Kano, inda aka zo da na'ura da masu sarrafa ta, aka yi 'yan shekaru, bukata ta ƙare aka naɗe aka tafi. Marigayi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi karatu a Faransa, ya zurfafa bincike a Tarayyar Sobiyet, sa'an nan ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda ranar da ke ƙona mu za ta dafa mana abinci ta ɗaga mana ruwa. Ya ɗebo daga ɓangarorin biyu masu husuma, bai zama baran kowa ba. Irinsa muke bukata, maza da mata, kafin mu bukaci ƙarfen.

Kumbon Shenzhou ya sauko ranar Juma'a, 29 ga Yuni, bayan kwana 13, laima ta buɗe masa bisa makiyayar Mongoliya ta Gida, ƙasar tumaki da raƙuma, da misalin ƙarfe goma na safiyarsu. A Tawa ƙarfe uku ne na dare. Aka fito da su ɗaya bayan ɗaya aka zaunar a kujeru, domin ƙafafunsu sun manta nauyin jiki. Ni kuwa da na fito alwala da asubar wannan rana, na ɗaga kai gabas na tarar da Kaza ta yi sama sosai, Mushtari yana ƙarƙashinta, Gamzaki kuma yana ƙasa da shi yana haske kamar fitila, su uku a jere bisa rufin masallacin unguwa. 'Yar ƙanena, mai shekara tara, ta fito da buta a hannu tana mutsuttsuke ido. Na ce, "'Yata, zo nan." Na kama kanta na juya shi gabas, na fara gaya mata sunayensu.